Bafaranshen da Ke Saman Hasumiya

Ranar Larabar makon Ista Godelieve ta aiko a kira ni. Na rufe rumfar soyayyen dankalina da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da aka cire min haƙori, na tsallaka dandalin kasuwa zuwa gidansu mai shuɗiyar ƙofa. An dawo da gadonta bakin tagar bene, daidai inda take hango hasumiyar coci. Lieve muke ce mata tun muna 'yan makaranta, kuma tun a lokacin ba ta iya roƙo ba, umarni kawai ta iya.

"Wina, bana ke za ki shiga ganga."

"Ni? Da wannan jikin? Ke dai ciwon nan ya fara taɓa miki kai."

"Kin ji ni sarai. Likita ya ce in na ga Lahadi na yi ƙoƙari, to ni kuwa na yi niyyar ganinta. So nake in ji waƙar Régis tana saukowa daga sama, shi kuma yana zaune nan kusa da ni. Shi kaɗai ba zai iya aikin ba, kuma ba ya yarda da hannun kowa."

"Da nawa ne zai yarda?"

"Ba zai yarda ba. Amma tsoronki yake ji, wannan ya isa."

Mijin nata Régis yana tsaye jikin ƙofa da kofin ruwa a hannu, ya manta wa ya kawo wa. Dogo ne siriri, kansa fari fat, gefen hannuwansa duk kanta. Ya ce, "Madam Ludwina, in ba za ki iya ba, ba komai." Shekara talatin da wani abu yana cin dankalina, bai taɓa kirana ba tare da ya ɗora min Madam ba. Na dubi ƙawata, na ga yadda zobenta ke yawo a yatsa, sai na ji bakina yana cewa a faɗa min ƙarfe nawa zan zo.

Régis Fauvel ɗan wani garin haƙar kwal ne a arewacin Faransa. Ubansa ya so ya bi shi cikin rami, shi kuwa yaro tun yana ƙarami kunnensa na sama, wurin ƙararrawa. Ya koyi kiɗan coci a hannun wani tsohon Fada, ya yi makarantar masu ƙararrawa, sannan ya ji labarin makaɗin garinmu, nan Beljiyam, ya rasu ana neman wani. Ya zo da akwati ɗaya da rigar sanyi wadda ta yi masa kaɗan. Aka yi gasa, alƙalai na zaune a dandali ba su san wa ke sama ba, ya kayar da kowa, har da ɗan mai kantin magani wanda duk gari ya riga ya ba shi aikin a zuci. Daga ranar sunansa ya ɓace. Bafaranshe kawai ake cewa, kuma ba da daɗin baki ba.

Aikin makaɗin gari kashi biyu ne. Ranar kasuwa da ranakun biki yakan hau sama ya zauna gaban sandunan katako, yana dukansu da dunƙulen hannu yana taka wasu da ƙafa, ƙararrawa na amsawa. Wannan kowa ya sani. Na biyun shi ne ganga. Ba ta kiɗa ba, wata ƙatuwar gangar tagulla ce a kwance ƙarƙashin agogo, mutum na shiga cikinta a durƙushe, jikinta duk huji. A hujin ake dasa ƙusoshi, in awa ta cika gangar ta juya, kowace ƙusa ta ɗaga gudumar ƙararrawa guda, waƙa ta fito da kanta. Sau ɗaya ake sake ta a shekara, a makon Ista, domin daga Alhamis zuwa asubahin Lahadi ba a kaɗa ƙararrawa, ana makokin Almasihu. Yara ma ce musu muke ƙararrawar sun tashi zuwa Roma ɗauko musu ƙwai. Abin da makaɗi ya dasa a wannan makon, da shi gari zai kwana ya tashi har wata Istar, ko ana so ko ba a so.

Nan Régis ya tafka kuskurensa. Shekararsa ta farko, cikin murna da rashin sani, ya dasa wata waƙar Faransanci da uwarsa ke rera masa. Haba! A garin da kakanninmu suka sha horo a makaranta don sun yi yaren gida maimakon Faransanci? Kowace awa waƙar nan na sauka kan mutane, kowace awa ana tsaki. Mai burodi sai ya sallami kowa kafin ya dube shi. An fasa masa ruɓaɓɓen ƙwai a ƙofa ba sau ɗaya ba. Ni kaina na rage masa dankali a takarda, kuma har yau ban ga laifina ba. Da Ista ta zagayo, mutumin da ya saba shiga ganga ya ce bayansa na ciwo, kowa ma bayansa ya kama ciwo. Lieve ce, 'yar makerin makullai, ta ɗauki sifanar babanta ta hau. Ta ce min ba don shi ta je ba, ta gaji da waƙar ce. Kafin wata Istar mun ci shinkafar madarar bikinsu, ita kuma ta zama mai shiga ganga kowace shekara.

Tun daga nan Régis ya koyi taka-tsantsan. Waƙar da kwamitin gari ya zaɓa ita yake dasawa, ba ƙari ba ragi. Ya koyi yarenmu har yana zagi da shi, ko da yake zagin na fitowa da ladabi. Nasa yaren kuwa sai ya koma zuba shi a takarda. Akwai wani ɗan ɗaki ƙarƙashin ƙararrawa inda yake zama da rigar sanyi yana rubuta littattafai da Faransanci, a buga su a Faris, a aiko masa a kwali. Can sun ce rubutunsa warin Beljiyam yake, nan kuma ba mai karantawa. Lieve ce mai karanta wa gari. Sai mutum ya same ta a rumfata yana kame-kame, ya tambaye ta ko yana cikin littafin. In ta ce yana ciki ya fusata, in ta ce ba ya ciki ya fi fusata. Wani littafin ya taɓa cin 'yar kyauta, aka gayyace shi Faris, ya dawo tun ba a gama bikin ba, wai ya kasa barci a garin da ba ya jin awa.

Allah bai ba su haihuwa ba. Abin da suka raina tare shi ne wata waƙa da Régis ya daɗe yana sassaƙawa, wadda bai yarda ya sa a hasumiya ba don kada a ce Bafaranshe ya sake. Lieve kuma ta ƙi ji a fiyano. Ta ce waƙar ƙararrawa ce, a ƙararrawa za ta ji ta. Bana ba ta tambayi kwamiti ba, ba ta tambayi Régis ba, ta ce a dasa.

Alhamis da safe muka hau. Kada ku tambaye ni matakalar nan. Ƙunci, duhu, igiya mai santsi a jikin bango, ga ni da gwiwoyin da suka shekara suna ɗauke da buhunan dankali. Na isa sama ina huci, na tsine wa wanda ya gina hasumiyar da wanda ya ba shi shawara. Régis ya jira na gama, ya nuna min wata sandar ƙarfe da ke tokare da gangar.

"Wannan ce ranki, Madam Ludwina. In tana ciki, ganga ba ta motsi. Kada ki taɓa ta, kada ki jingina da ita."

"In ta fita fa ina ciki?"

"Ba za ta fita ba."

"Tambayarka na yi."

Sai ya miƙo min sifana. Na cusa kaina ta gefe, na ja sauran jikin da ƙyar. Ciki sanyi, ga warin tsohon mai. Aikin ba wuya a baki: shi yana waje yana zura ƙusa a huji, ni ina ciki ina ɗaura mata noti in ɗaure. In layi ya cika sai ya zare sandar, ya juya gangar kaɗan da hannu, ina rarrafe a ciki, ya mayar da sandar. Amma kafin a dasa sabo sai an cire tsoho. Ranar Alhamis gaba ɗaya a nan ta tafi, muka bar gangar tsirara.

Juma'a muka fara dasawa, nan ne na gane abin da Lieve ta jefa ni ciki. Yatsunta sirara ne, sun san aikin ko ido a rufe. Nawa kuwa yatsun fere dankali ne. Noti ya suɓuce ya gangara, in bi shi da lalube. Wanda na ɗaure kuma sai Régis ya girgiza shi daga waje ya ce bai yi ba.

"Ƙara ɗaurewa."

"Na ɗaure!"

"Yana rawa. In ta fita a watan sanyi, gari zai ji giɓi har shekara."

"To shigo ka ɗaure da kanka, Bafaranshen banza, ni in fita in riƙe maka takarda!"

Can sai na ji ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri. Na saba da ita ne." Da ya rama zagin da ya fi min sauƙi. Na share ido da bayan hannu, na shafa wa fuskata baƙin mai, na ce ya turo ta gaba.

Da tsakar rana yakan sauka ya duba ta, ba ya daɗewa sai in ji takunsa yana dawowa. Korarsa take yi. Wai me ya zo yi, kallonta zai dasa ƙusa? Ƙanwarta Bertha ce ke jinya, ita ta gaya min a waya cewa Lieve ta daina shan ko romo, kuma da zarar ya fita sai ta saki fuska ta yi ta nishi. Ban faɗa masa ba. Da muka tashi aiki ranar Juma'a ko kashi ɗaya cikin uku ba mu yi ba.

Asabar na riga shi zuwa ƙofar hasumiya. Hannuna ya fara sabawa, mun daina faɗa, ba ka jin komai sai ƙarar sifana da kukan tantabaru. Ƙasa kasuwa ta cika, ana sayen ƙwai da naman rago, hayaniyar na iso mu sama-sama. Bai sauka da rana ba, ya ce in muka dage za mu gama kafin gari ya waye. Mun kai wajen rabi, rana ta fara karkata, sai wayata ta yi ƙara a aljihun riga. Cikin gangar nan ƙarar ta cika min kai.

Bertha ce. "Wina, ki turo shi. Numfashinta ya canza. Likita ya zo ya tafi, ya ce ba za ta kai Lahadi ba."

"Tana magana?"

"Tana tambaya ko an gama."

Ban san yadda na fito daga gangar ba, na dai bar fatar gwiwar hannuna a jikinta. Régis ya riga ya ji, domin Bertha ba ta iya magana a hankali ba. Ya tsaya da ƙusa a hannu yana kallon hujin da ba a cike ba. Sai ya ajiye ta, ya nufi tsanin da ke hawa ɗakin sanduna. Sama, ba ƙasa ba.

"Ina za ka?"

"Zan buga mata da hannu. Duka. Daga farko har ƙarshe."

"Yau Asabar ce, Régis, Fada zai..."

"Fada ya yi abin da zai yi."

Ban taɓa jin ya yi magana haka ba. Mutumin da ya shekara talatin yana tafiya a gefen hanya don kada ya taka wa garin nan ƙafa. Amma ba Fada ne ya dame ni ba. Na bi shi tsanin ina haki, na same shi ya zauna, ya dunƙule hannu a kan sanduna. Na kama wuyan hannun da ƙarfin da nake ɗaga tukunyar mai.

"Kai wane irin kurma ne? Me ta ce? Cewa ta yi ta ji waƙar kana gefenta! Duk rayuwarku kana sama tana ƙasa, yau ma haka za ka yi mata? Ka gama kiɗanka ka sauka ka tarar da Bertha ta rufe mata ido?"

"Rabi ce a gangar, Madam Ludwina. Rabi!"

"To a ba ta rabin, kai ka je."

Ya dube ni kamar zai mare ni, wallahi da ya mara da na rama. Sai ya tashi. Muka koma wurin ganga, ya shiga juya ta da hannu yana mayar da ita farkon waƙa, ya maƙala mata sarƙar nauyin da ke janta, ya duba igiyoyin guduma. Bai tsallake komai ba, ni kuwa ina tsaye ina jin kamar in tura shi ƙasa. Ya ɗora hannuna kan sandar da ya hana ni taɓawa.

"Ki ja ta da ƙarfi, ki yi baya, kada rigarki ta kusanci ganga. Amma sai kin ga an buɗe taga. Kada ki ja kafin nan."

Ya shige matakala. Na ji takunsa yana raguwa har ya ɓace.

Akwai wata 'yar kafa a bango da ke kallon dandali. Daga wurin sandar zuwa kafar ba nisa, na yi ta kai da kawo tsakaninsu. Ga shuɗiyar ƙofa can, ga tagar bene a rufe, ga mutane na cinikinsu ba su san komai ba. Régis bai fito ba. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, saukar ta fi hawan wuya, na sani, amma sanin bai hana ni zaginsa ba. Waya ta sake ƙara.

"Yana ina? Wina, tana tafiya, idonta ya fara juyawa!"

"Yana hanya. Ki ce mata yana hanya. Ki ce mata ni Wina na ce ta jira, kada ta kuskura!"

Na kashe. Hannuna na kan sandar. In na ja yanzu, ko ba komai za ta ji wani abu kafin ta tafi. In na jira, wataƙila ta rasa waƙar ta rasa mijin. Ni ba mai yawan addu'a ba ce, amma ranar na yi wa Allah magana yadda nake yi wa mai kawo min dankali in ya makara. Yatsuna sun riga sun fara ja, sandar ta motsa kaɗan, na sake ta na koma kafa.

Ga shi nan. Ya fito ba hula, yana gudu irin na tsofaffi, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. Ya bangaje teburin mai furanni bai waiwaya ba. Mutane suka dare. Shuɗiyar ƙofa ta haɗiye shi. Na kafa wa tagar ido har hawaye suka taru, na ƙi ƙiftawa. Labule ya motsa. Taga ta buɗe, ɓangare biyu, har ƙarshe.

Na ja sandar da hannu biyu, na faɗi zaune.

Gangar ta yi gurnani ta fara juyawa, ƙusoshin da na ɗaure suna wucewa a gabana. Sai sautin ƙararrawa ta farko ya faɗo daga sama. A kusa haka ba daɗi take da shi ba, duka ne a ƙirji. Amma da na rarrafa zuwa kafa na ji yadda take fita. Ƙananan ne suka fara, a hankali, kamar mai taka bene kada ya ta da mai barci, sannan manyan suka shigo ƙarƙashinsu. Ni ban san kiɗa ba. Abin da na sani shi ne dandali ya tsaya cak. Mai nama da wuƙa a sama, mata da kwanduna, yara sun ɗaga kai suna ihu wai ƙararrawa sun dawo daga Roma da wuri. Waƙar ta hau, ta hau, ta kai inda kowa ya ja numfashi yana jiran ta sauko.

Sai ta yanke. Gangar ta ci gaba da juyawa da hujinta wayam, ba abin da ke fita sai ƙarar ƙarfe, har ta tsaya don kanta. A ƙasa ba wanda ya motsa.

Da na sauko, Fada Callewaert na tsaye a ƙofar hasumiya, fuska ja wur. Ya buɗe baki, na riga shi.

"Ni ce, Fada. Lieve ce ke tafiya."

Ya dubi baƙin man da ke fuskata, ya dubi tagar da ke buɗe. Ya cire hularsa ya bi bayana.

Mun tarar an gama. Régis na zaune bakin gado, ya sunkuya, bakinsa daf da kunnenta, hannunta cikin nasa. Bertha ta ja ni kicin ta ba ni labari tana kuka. Ya same ta da ranta. Ta gane shi. Da ƙararrawa ta fara ta buɗe ido, har yatsanta na bin kiɗan a kan bargo. Da ta yanke sai ta ɓata fuska, irin yadda take yi in an kawo mata kofi da sanyi, ta ce, "Ina sauran?" Shi ne ya sunkuya ya rera mata a kunne. Bertha na tsaye a ƙafar gado amma ba ta ji komai ba, leɓensa kawai ta ga yana motsi. Ta ce ba ta san a ina cikin waƙar Lieve ta tafi ba, shi dai bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe.

Asubahin Lahadi Régis ya hau ya haɗa gangar da agogo yadda take. Kowace awa rabin waƙa, kowace awa mutane su tsaya da magana a baki. Bayan an yi jana'iza da 'yan makonni, magajin gari da kansa ya same shi a rumfata. Ba faɗa ya zo yi ba. Ya ce kwamiti ya zauna, ba wanda ya yi ƙorafi, waƙar ta shiga ran mutane, har an yarda a tsayar da agogo kwana biyu a tsakiyar shekara, abin da ba a taɓa yi ba, don ya ƙarasa ta.

"Gari na son jin sauran, Malam Fauvel," in ji shi. Ranar na fara jin wani ya kira shi da sunan ubansa.

Régis ya naɗe takardar dankalinsa, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. "Sauran na riga na bayar."